Gaurakan da Baba Ya Bayar

Kwana uku da ƙaramar Sallah, Baba ya sa Yaya Hassan ya wanke a-kori-kurar da muke kai albasa kasuwa. Sau biyu ya wanke ta, amma da munka hau baya ni da ƙanwata Sa'adatu munka shimfiɗa tabarma, warin albasa yana nan daram. Mamma ba ta biyo mu ba, mota na juya mata ciki. Gaba kuwa Hassan ne ga sitiyari, sai Baba, sai kakarmu Inna a bakin taga.

"Yau sai Shagari," in ji Baba. "Mu biya Sifawa, mu ga dam, kana mu shiga gidan namun dajin Alhaji Bilyaminu."

Gilashin bayan kan motar ya fashe tun bara, ta nan ya leƙo yana kallona. Na sunkuyar da kai.

Wata biyar ke nan tsakanina da Baba sai ina kwana, ina wuni. Ni dama ba mai magana ba ce. Har na gama sakandare akwai malaman da ba su san muryata ba, shi ya sa ba kowa ya lura da shirun ba. Amma Baba ya lura.

Dalilin kuwa Tukku ne. Shekarar da na ci jarrabawar aji uku Inna ta ba ni kaza, kazar ta yi ta ƙyanƙyasa. Ran nan Bafillatanar da ke kawo muna nono ta zo da ɗan gauraka cikin ƙwarya, duk ƙafa ne da wuya, yatsa guda a karkace. Kaji biyu na ba ta, a gaban Inna. Da gero na raine shi, da farar da nake kamowa a garka. Da ya girma tukkun nan na kanshi ya buɗe awa zinari, shi ya sa nake ce mai Tukku, kowa a Danchadi ya san shi. In za ni garka yana bayana. In kuwa na kifa kwanon shan Inna na silba na buga gindinshi, uku da sauri ɗaya a hankali, sai ya buɗe fukafukai ya kama tsalle yana rusunawa, har mata su leƙo ta katanga.

Alhaji Bilyaminu shi ke sayen albasar Baba duk shekara. Ya zo gidanmu ranar ina Islamiyya, ya ga Tukku a tsakar gida, yac ce, "Kai, Mamman Sani, wanga tsuntsu da kyau yake!" Ya sake faɗi da za shi fita. To, babban baƙo ya yaba abu cikin gidanka har sau biyu, mi ya rage? Baba yac ce, "Naka na, Alhaji." Da na komo, kaskon ruwanshi kawai na tarar.

Ban yi kuka a gaban kowa ba. Na wanke kaskon na kife.

Mun bar Danchadi hantsi bai yi zafi ba. Rumfunan albasa jere a bakin garake, jakuna na ta jido. Kafin mu kai Bodinga mota ta mutu sau biyu.

"Angona," Inna tac ce da Hassan, "wagga mota ta ko jaka mai ciki? Ka aje ni in hau raƙumi."

"Tsohuwa, ke kin kai nauyin buhu goma. Ina laifin motar?"

"Buhu goman mi? Ubanka na ɗauka wata tara, ban mace bisa hanya ba."

Baba ya yi kamar bai ji ba. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunanshi, ba ta ma cika dubanshi ba. In za ta yi mai magana sai ta yi da bango, ko da mu.

A Sifawa munka tsaya munka ga wurin da Shehu ya zauna. Inna ta tuɓe takalmi tun daga nesa, ta daɗe tana addu'a. Sa'adatu kuwa hotuna take ta ɗauka da wayar Hassan, ta karkata kai nan, ta turo baki can. Baba ya sayi kankana a bakin titi, mai ita ya yanka. Yankin farko, na tsakiya mai ja, ni ya miƙo wa. Na karɓa da hannu biyu, nic ce na gode, na ba Sa'adatu.

"Atika," yac ce a hankali, "yau za ki ga abin da zai faranta miki. Alhaji ya ce lambu guda ya ware mai, da ruwa da ciyawa. Ya fi gidanmu."

Sai lokacin na gane mi ya sa anka wanke mota. Inna ta sha ruwa, ta miƙo min kwanonta in riƙe mata, don ita ba ta kafa baki ga leda, da kwanonta take yawo duk inda za ta.

Da munka shiga Shagari rana ta take. Hassan yac ce mu fara da dam mu sha iska, Baba yac ce a'a, Alhaji na jira.

Ba lambu ba ne. Tsohon siton Alhaji ne na ajiye buhuna, mai rufin kwano, anka shafa mai fenti. A bango an zana zaki da giwa. Janareto na ta ƙara, mutane sun yi layi da kayan Sallah. Mu ba mu bi layi ba, Alhaji da kanshi ya fito ya tarbe mu, babbar riga fara fat, ga fara'a. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya kama hannun Baba ya ja mu ciki.

Zafi ya fara marinmu, sai wari. An rataya ƙwayayen lantarki ja da kore, fanka biyu na juya iska mai ɗumi. An ɗaura igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan don kar a matsa kusa. Ga ɗan kada cikin rabin tanki, ruwan ya yi kore. Ga mesa cikin akwatin gilashi, ba ta ko motsi. Ga biri da rigar ƙwallo, ga beguwa, ga kunkuru. Can tsakiya wata kura ce tsaye bisa tebur, baki buɗe. Sa'adatu ta yi ihu ta ƙanƙame ni, sai Hassan ya nuna mata ɗinkin da ke cikin kurar, auduga na leƙowa.

"Ina zakin?" in ji Inna.

"Yana hanya, Hajiya," in ji Alhaji.

"Da ƙasa ya taho ke nan." Ta tsaya gaban wani keji ta ƙura ido. "Wagga ba gafiya ba ta? Gafiya! Mutane sunka bar ta cikin rumbunsu sunka taho nan kallonta? Alhaji, da ka gaya man, ina da bakwai."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Mutumin ba shi da mugun rai, wannan kam zan faɗa.

Ni ban yi dariya ba, idona na can ƙarshen sito.

Cikin akurkin waya sunka sa shi, irin na talotalo. Gauraka tsuntsu ne mai tsayuwa, shi kuwa akurkin bai kai ƙuguna ba. Wuyanshi a lanƙwashe. Tukkun ya karye gefe guda inda yake gogar waya, gashin wuyan ya zube har ana ganin fata. Fiffiken dama an datse shi da almakashi. Wani dogo mai jar riga, mai tsaron wurin, yana zura sanda ta cikin waya yana cewa, "Yi rawa! Yi musu rawa!" Tukku ya matse a kusurwa. Na dubi ƙafar. Yatsan nan a karkace.

Alhaji ya ɗaga murya don jama'a su ji. "Kun ga wanga bawan Allah? Shi yab ba ni gaurakan ga kyauta! Mutanen Danchadi akwai hannu sake!"

Anka waiwayo ana duban Baba. Na dube shi ni ma. Yana murmushi, amma ya ga akurkin, na ga ya gani. Hannunshi ya kai ga hula ya gyara ta, alhali ba ta karkace ba. Bai dube ni ba.

Ban san lokacin da na sunkuya na wuce ƙarƙashin igiya ba. Ni da ko a aji ba ni iya ɗaga hannu. Na durƙusa gaban akurkin, na kifa kwanon Inna, na buga. Uku da sauri, ɗaya a hankali.

Ya ɗago kai, waya ta buge shi. Na sake bugawa. Sai ya saki kukan nan nashi mai kama da ƙaho, har rufin kwano ya amsa. Ya so ya buɗe fukafukai, babu wuri.

"Ke! Ke yarinya, hita nan!" in ji mai jar riga.

Ƙofar akurkin da waya anka murɗe ta. Na warware, ta yanke ni a yatsa, ban ji ba sai daga baya. Tukku ya fito yana tangaɗi awa wanda ya tashi daga jinya. Ya miƙe wuya a hankali, a hankali, har ya tsaya sosai. Na buga kwano. Ya yi tsalle guda, ya rusuna, ya sake tsalle, fiffike ɗaya dogo ɗaya gajere.

Jama'a sunka ɗauka cikin wasan ne. Sai tafi, sai wayoyi sama. Wata mata har da guɗa.

Na cire mayafin da na yafa bisa hijabi, na naɗe shi, na rungume shi a hammata yadda na saba, ƙafafun na reto. Bai fi rabin nauyinshi na da ba. Na miƙe na nufi ƙofa.

Mai jar riga ya tare hanya. "Ina za ki da shi?"

Na wuce shi da ido, na rusuna ma Alhaji. Muryata ta fita.

"Alhaji, barka da Sallah. Wanga tsuntsu nawa na. Gida za ni da shi."

"Ikon Allah! Ashe tana magana!" Alhaji ya yi dariya. "Ɗiyata, ai babanki yab ba ni. Kin taɓa jin inda kyauta ta koma gida?"

"Baba ya ba ka abin da ba nashi ba. Da kajina nis saye shi. Ga Inna nan, a gabanta anka yi."

"Kaji biyu," in ji Inna, tana duban kurar auduga. "Wake-wake da baƙa. Baƙar ma ƙwai take."

"To ai ɗiya da kajinta duk na uba na, Hajiya."

"Ba haka anka karantar da mu ba," nic ce. "Akuyar Mamma ko Baba ba ya taɓa ta sai ya tambaya. Ni ba a tambaye ni ba."

Wayoyin dai ba su sauka ba. Alhaji ya dubi wayoyin, ya dubi Baba.

"Mamman Sani, ɗiyarka ta. Yi magana."

"Atika," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa. "Aje shi."

Tunda anka haife ni ban taɓa ce mai a'a ba. Na ji zuciyar Tukku na bugawa a haƙarƙarina, da sauri awa tawa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba ni aje shi."

"Mi kic ce?"

"Lambu kac ce. Da ruwa da ciyawa."

Jijiyar goshinshi ta tashi.

Alhaji mutum ne mai wayo, ya ga inda abin ya nufa. Ya buɗe hannuwa, babbar riga ta baje, ya juya ga jama'a.

"Shi ke nan, shi ke nan! Ranar farin ciki ta. Ku shaida, na ba ɗiyata wanga tsuntsu. Goron Sallarta na!"

Anka fara tafi. Sa'adatu ta tsungule ni. "Ki ce kin gode, mu tahi, don Allah!" Hassan ma yana ta yi min ido. Na san da na durƙusa na yi godiya, da kowa ya fita da mutuncinshi. Baba ya yi kyauta, Alhaji ya yi kyauta, ni ce mai karɓa. Gobe kuma wani baƙo ya yaba shi sau biyu.

"Alhaji, Allah shi saka da alheri bisa kallon da munka yi," nic ce. "Amma ba a ba mutum abinshi."

Wani daga baya yac ce, "Kai!" Tafin ya mutu. Na fita.

A waje Baba ya iske ni bakin mota. Ban taɓa ganin idonshi haka ba.

"Shekara goma sha ɗaya mutumen ga na sayen albasata. Kin kwance man zane a kasuwa. To ki ji. Tsuntsun ga ba ya shiga motata. Ko ki maida shi, ko ki san yadda kika yi."

"To, Baba."

Na miƙa ma Inna kwanonta, na gyara riƙon Tukku, na hau bakin titi na nufi hanyar Bodinga. Ban san ko kilomita nawa ba ne. Takalmin Sallah ne a ƙafata, sabo, tun Sifawa yake cizona. Kwalta na turiri. Masu babura na ragewa suna kallo, wani yac ce, "'Yammata, na sayarwa na?"

Na wuce gidan mai, na wuce masu rake, kana na ji motarmu na tafe a bayana, a hankali, tana tari. Baba na son in waiwayo. Ban waiwayo ba. Sai na ji an buga ƙofar mota, na ji muryar Inna.

"Angona, taka birkin ga ko in dira."

Ga ta nan da sandarta da kwanonta, tana taka kwalta ɗaya-ɗaya har ta kamo ni. Shekarunta sun haura saba'in.

"Inna, koma, rana," nic ce.

"Rufa man baki. Ni da nit taka Danchadi zuwa Sakkwato da goyo? Jikan kazata na a hannunki, ina da rabo ciki."

Munka ci gaba, ni da ita da Tukku. Mutanen da ke zaune ƙarƙashin dogon yaro sunka miƙe suna kallo: tsohuwa na tafiya da ƙasa cikin rana, ɗanta na zaune gaban mota a bayanta. Wani dattijo ya ɗaga murya, "Subhanallahi! Malam, ba uwarka ba ta?"

Ko taku ashirin ba mu ƙara ba na ji ƙofa ta sake buɗewa. Baba ya sha gabanmu, ya durƙusa nan bakin titi, gwiwa bisa tsakuwa.

"Inna, don Allah ki shiga mota."

Inna ta dubi wani jaki da ke tsallaken hanya, da shi ta yi magana.

"A gaya ma wancan, ran da yat tashi kyauta shi ba da hulatai. Ita yam mallaka."

"Na ji, Inna."

"A gaya mishi ni ba ni shiga sai da tsuntsu. Kuma dam anka ce man za ni gani, ban ga dam ba. Gafiya nig gani."

Baba ya daɗe a durƙushe. Kana ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya buɗe ƙofar gaba. Inna ta shiga, ta matsa, ta buga kujera da tafin hannu. Ni take nufi. Na shiga da Tukku a cinya, kanshi ta taga. Baba ya tattare riga ya hau baya, ya zauna bisa tabarma kusa da Sa'adatu, cikin warin albasa. Hassan ya juya mota, yana cije leɓe don kar dariya ta kubce mai.

Dam ɗin ya ja baya saboda rani, amma ruwa ne mai yawa, ban taɓa ganin irinshi ba. Shanu na sha a can gefe, balbelu na binsu, wasu mutane na jan taru. Inna ta sa Hassan ya ɗebo mata a kwano ta wanke fuska, tac ce yanzu ta ga Shagari. Sa'adatu ta koma ga hotunanta.

Na tuɓe takalmi, duk dugadugaina sun yi ƙuna. Na shiga ruwa zuwa idon sawu, na kwance mayafin, na aje Tukku. Ya tsaya cak. Ya tsoma baki ya sha, ya ɗaga kai sama, ya sake sha. Kana ya fara takawa cikin ruwan, yana ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya, yana nisa da ni.

Ban ji zuwan Baba ba sai da ya yi magana a bayana.

"Alhaji ba ya sake taka garkata. Kin sani?"

"Na sani, Baba."

"Albasa na nan cikin rumfa. Sai ki nemo mai saye, tunda bakinki ya buɗe."

"To. Hassan shi kai ni kasuwar Bodinga."

Ya yi tsaki, amma bai tafi ba. Munka tsaya muna kallon Tukku. Ya buɗe fukafukai ya kaɗa, ruwa ya fantsama, guntun fiffiken ya karkatar da shi gefe.

"Ba ki ɗaure shi ba," in ji Baba. "Gashin ga zai tsiro hwa. In ya tsiro ya tashi, ya bar ki?"

"In ya tashi, ni nis sake shi."

Na karɓo kwano wurin Inna, na zubar da sauran ruwan, na kifa shi a gwiwata.